Yadda ake mayar da ɗan gudun daji na abokai ya zama taron tara kuɗin taimako

Akwai wani tsere a jihar Kalifoniya ta Amurka da ake kira Dipsea. Ana tashi daga wani ɗan gari mai suna Mill Valley, a haura matakala kusan 700, a kutsa daji a hau tsauni, sannan a gangara bakin teku a Stinson Beach, duka-duka tsawonsa bai wuce kilomita 12 ba. Tun 1905 ake yinsa, shi ne tseren daji mafi daɗewa a Amurka, kuma asalinsa ba wani abin a zo a gani ba ne, wasu 'yan kulob ɗin motsa jiki ne na San Faransisko da suka saba taka hanyar suka yi musu kan wa zai riga wani isa wani masauki da ke bakin ruwa, shikenan fa. Yau tseren yana da gidauniyarsa, suna ba ɗaliban sakandare tallafin karatu, suna gyara matakalar da hanyar da suke bi, kuma mutane na rububin samun gurbi saboda mutum 1,500 kawai ake ɗauka.

Abin da nake so ku lura da shi, gudun ne ya fara zuwa, aka shafe gomman shekaru ana yinsa, sannan gidauniya ta biyo baya. Mu kuma sau da yawa juyawa muke yi, a buga bana, a ɗinka riguna, a gayyato manya, a ce ana gudu domin marayu, alhali ko sau ɗaya waɗanda suka shirya abin ba su taɓa taka hanyar tare ba. A yi shekara ɗaya a ɗauki hotuna, baɗi shiru kake ji. To wannan rubutun na masu ɗan gungun da ke fita gudu ne a bayan gari, ko kan dutse, ko ta hanyar gona, suna tunanin ko abin nan zai iya amfanar wani bayan su.

Mataki na farko, kuma wallahi shi ne ya fi kowanne wuya duk da ba a kashe ko sisi, shi ne ku tsayar da rana ɗaya, wuri ɗaya, lokaci ɗaya, kada ya motsa. Misali duk Asabar bayan sallar asuba a gindin kaza. Ko mutum biyu ne suka zo a yi. Ko wanda ya kawo shawarar ya yi tafiya a yi. Parkrun, wato gudun kyauta na mako-mako da yanzu ake yi a ƙasashe da dama, haka ta fara, ranar 2 ga Oktoba 2004 a Bushy Park da ke Landan, mutum 13 ne suka yi gudun kilomita 5, wanda ya haɗa abin, Paul Sinton-Hewitt, ma bai yi gudun ba saboda yana fama da rauni, agogo ya riƙe yana ɗaukar musu lokaci. Sun fi shekara biyu a wuri ɗaya kafin a buɗe na biyu a 2007. Don haka idan gungunku bai kai shekara guda yana fita ba, bai ga zafin bazara da ruwan damina da sanyin hunturu ba, bai tsallake azumi ya dawo ba, ku ajiye maganar taro tukuna. Azumi musamman shi ne gwajin, gungu da yawa daga an shiga Ramadan sun watse kenan, bayan sallah kowa na jiran wani ya fara magana a guruf.

A wannan shekarar ku samu littafi, irin na 'yan makaranta ma ya isa, duk fita a rubuta kwanan wata, su wa suka zo, wace hanya aka bi, minti nawa na gaba ya yi, minti nawa na ƙarshe ya yi. Lokacin na ƙarshen nan ya fi na gaba amfani, don shi zai gaya muku awa nawa masu ba da ruwa za su tsaya a rana idan babbar ranar ta zo. Kuma ranar da za ku je neman tallafi wannan littafin ne shaidarku, ba dogon turanci ba.

Sai hanya. Dajin da kake gani kamar ba na kowa ba, yana da masu shi. Akwai gonar wani, akwai burtali, akwai maƙabarta, akwai wurin da mutanen ƙauye ba sa so baƙo ya taka. Mutum biyar in sun wuce da sassafe ba wanda zai kula, amma mutum 150 da lamba a ƙirji wani zance ne daban. Ku fara da mai unguwa, ya kai ku ga dagaci, in abin ya ratsa ƙauyuka da yawa a dangana da hakimi. Ku je da ƙafarku, ba takarda za ku aika ba, ku gaisa yadda ya kamata, ku ce ranka ya daɗe ga abin da muke yi, ga inda muke bi, ga abin da muke so mu yi wa garin nan, muna neman izini da albarka. In akwai ruga kusa ku je wajen arɗo shi ma, ku gaya masa rana da lokaci don a kauce da shanu da karnuka. Kuma ku roƙi a haɗa ku da mafarauci ko ɗan sintiri guda da zai taka hanyar da ku daga farko har ƙarshe, zai nuna muku rijiyar da ciyawa ta rufe, da kwarin da ke cika in an yi ruwa, da inda macizai suka fi yawa, abubuwan da taswirar waya ba za ta taɓa nuna muku ba.

Maganar tsaro kuwa ba sai an ɓoye ba, akwai dazukan da yanzu ko manomi ba ya shiga. In yankinku haka yake kada ku ce za ku gwada sa'a da rayukan mutane, ku nemi dutse ko fili da ke jikin gari ku yi ta zagaye. Zagayen kilomita biyu da rabi sau huɗu ya ba ku 10, kuma ya fi sauƙin kula, tashar ruwa ɗaya ta wadatar, 'yan kallo kuma suna ganin kowa sau huɗu. A sanar da DPO a rubuce tun da wuri, in hanyar za ta tsallaka titi a nemi 'yan rodsefti su tsaya.

Tsawon hanya a shekarar farko, shawarata kilomita 5 da kilomita 10, a ƙara da tattaki ga wanda ba zai iya gudu ba. Kada ku ruɗu da gudun ya-da-ƙanin-wani na kilomita 42, wannan sai ƙwararru irin yaran Pankshin na jihar Filato, kuma taron taimako ba ƙwararru ke cika shi ba, masu tumbi ne da iyaye da yara da ma'aikatan ofis, su ne kuma masu kuɗin bayarwa.

A nan ne zan ɗan tsaya a kan wata dabara ta mutanen Dipsea da nake ganin ta fi komai dacewa da mu. Ba a sakin kowa lokaci ɗaya, ana duba shekaru da jinsi a ba wasu rata, tsofaffi da ƙananan yara su fara tashi, sai a dinga sakin rukuni-rukuni minti bayan minti, samari majiya ƙarfi su ne na ƙarshe, wanda kuma ya fara isa shi ya ci. Shi ya sa a 2010 yarinya 'yar shekara 8 ta lashe tseren, a 2012 kuma dattijo mai shekara 72. Ka yi tunanin wannan a garinku, a ce malamin firamare mai ritaya ya shigo gaba samari na haki a bayansa, ai shekara za a yi ana labarin, kuma baɗi kowane gida sai ya turo mutum. Ga shi kuma yana rage cunkoso a siririyar hanya inda mutum biyu ba sa iya jerawa. Littafinku na lokuta shi zai taimaka muku ku san minti nawa za ku ba kowane rukuni, shekarar farko ba zai zo daidai ba, ana gyarawa a hankali.

Mata kuma a yi musu tsari na mutunci tun farko, rukuninsu daban, lokacin tashinsu daban, mata a tashar ruwansu, mace cikin masu agajin gaggawa, wurin canza kaya mai rufi, kowa ta yi gudu ko tattaki da shigar da ta natsu da ita. Kuma a saka mata cikin kwamiti, su za su faɗi abin da ya kamata, ba maza su zauna su yanke musu ba. Ko a can Dipsea ɗin sai da mata suka yi nasu daban daga 1918 zuwa 1922, suka kira shi tattaki saboda hukumar wasanni ta lokacin ba ta yarda mata su yi dogon tsere ba, sai 1971 aka karɓe su a hukumance.

To yanzu wa za a taimaka? Nan ne mutane ke ɓata rawarsu da tsalle. Kada ku ce marayu da zawarawa da marasa lafiya da ilimi da muhalli gaba ɗaya. Abu ɗaya, ƙarami, wanda ido zai gani, wanda za a iya gamawa da kuɗin da kuke sa ran samu, kuma in da hali ya kasance a ƙauyen da kuke ratsawa kuna tayar musu da ƙura duk mako. Famfon burtsatse da ya lalace, rufin aji ɗaya, bencina, kuɗin jarabawar ɗalibai kaza, katifun ɗakin haihuwa na ƙaramin asibiti. Kuma kada ku zaɓa musu, ku tambaye su, sau da yawa abin da baƙo ke gani shi ne matsala ba shi ne ke hana mutanen gari barci ba. In an tsayar, a kira mai gyara ko kafinta ya yi kiyasi a rubuce, sai ku fito ku ce muna neman naira kaza domin abu kaza a wuri kaza. Mutum ya fi sakin hannu idan ya san zai iya hawa babur ya je ya gani.

Kuɗi. Wannan kamar adashe ne, ranar da aka fara zargin uwar adashe ranar ya mutu, ko da ba ta ci ko kwabo ba. Saboda haka tun kafin naira ɗaya ta shigo a raba aiki, mai karɓa daban, mai rubutawa daban, mai dubawa daban, kuma mai dubawar ya zama wani dattijo ko wata da ba ta cikin gungun, wanda gari ya yarda da shi. Kada kuɗin jama'a ya shiga asusun mutum ɗaya da yake cefane da shi, ko waliyyi ne. A shekarar farko in ba ku da rajista, hanya mafi sauƙi ita ce ku jingina da wata ƙungiya mai rajista da aka sani, ko kwamitin makarantar ko asibitin da za a taimaka, gudummawa ta tafi can kai tsaye. In abin ya kafu kuna so ku tsaya da ƙafarku, a Najeriya ana yin rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, za a buƙaci kundin tsarin mulkin ƙungiya da sunayen amintattu da sanarwa a jarida a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi, sannan banki zai nemi takardar SCUML, wato sashen da ke sa ido kan halasta kuɗin haram, kafin ya buɗe muku asusu. A sa hannun mutum biyu cikin uku kafin a cire kuɗi. Wanda ke wata ƙasa ya bi dokar rajistar ƙungiyoyi ta can.

Kuma ku raba aljihu biyu. Na farko kuɗin gudanar da tsere, na biyu kuɗin taimako, kada su haɗu. Bari in ba da misali da lissafi don a gane dalili. A ce mutum 100 sun yi rajista kowa ya biya naira 3,000, an samu 300,000 kenan. Cire ruwa, cire man motar asibiti da na babura, cire lambobin ƙirji, magunguna, hayar rumfa da kujeru da lasifika, ɗan abin da za a ba masu tsaro. In kuka ce sai kun ɗinka wa kowa riga kun buga lambar yabo, to kuɗin ya ƙare har kun ci bashi, famfo kuma yana nan yadda yake. Gaskiyar magana kuɗin rajista da kyar yake ɗaukar nauyin taron kansa. Kuɗin taimako na ainihi daga wasu wurare yake fitowa, kowane mai gudu a ba shi takardar alkawari ya zaga 'yan uwa da abokan aiki, wannan ya ce na ba ka 500 kan kowace kilomita, wancan ya ce 1,000 in ka gama, sai ka ga mutum ɗaya ya kawo ninkin abin da ya biya na rajista. Sai 'yan gari mazauna Legas da Abuja da ƙasashen waje, waɗannan in sun ga hoton famfon ƙauyensu da lambar asusu mai sunan ƙungiya suna turowa. Sai 'yan kasuwa, su kuma ku fi roƙonsu kaya maimakon kuɗi, mai gidan ruwa ya ba da ruwan leda, mai gidan burodi ya ba da burodi, mai kemis ya ba da bandeji da gishiri-da-sukari, mai gidan mai ya zuba wa motar asibiti. Duk abin da aka bayar a rubuta shi da kimarsa.

Abubuwa biyu da ya kamata ku kai wa malami kafin ku buga sanarwa. Na ɗaya kyautar wanda ya ci, in daga kuɗin da masu tsere suka zuba za a cire ta, akwai malaman da ke ganin ya shiga hurumin caca, mafita ita ce wani daga waje ya ɗauki nauyin kyautar, a kuma faɗa a fili. Na biyu zakka, tana da mutanen da aka ƙayyade mata, in wani ya ce ga zakkarsa kada ku zuba ta cikin kuɗin rumfa da lasifika. Ni dai a ganina ma kyautar kada ta yi girma. Tseren tsaunin Obudu a Kuros Riba ya fara a 2005 da kuɗin gwamnati da kyautar dala 50,000, manyan 'yan tsere na duniya suka yi ta zuwa, amma yau ba ka jin ɗuriyarsa kamar da, don abin da babban kuɗi ya ɗaga in kuɗin ya janye ba mai riƙe shi. Buhun shinkafa ko keke ko ma kofi da za a dinga rubuta sunan wanda ya ci duk shekara ya isa.

'Yan siyasa kuma za su zo da zarar sun ga taro, wannan ba makawa. Wanda ya kawo gudummawa a karɓa a yi godiya a rubuta, amma ba hoton ɗan takara a riga, ba tutar jam'iyya, ba a sa wa tseren sunan kowa. In kuka bari ya zama na wane, rabin gari sun fita, in ya faɗi zaɓe sauran rabin ma sun fita.

Yanzu ga inda ba na so a yi wasa ko kaɗan, lafiyar mutane. Ranar 22 ga Mayu 2021 a lardin Gansu na ƙasar Sin an yi tseren daji na kilomita 100, mutum 172 suka tashi, yawancinsu da gajeren wando da 'yar riga, sai yanayi ya juya a kan tsauni, iska da ƙanƙara da ruwa mai sanyi, mutum 21 suka rasu, cikinsu har da manyan gwanaye. Wurin da abin ya faru mota ba ta isa, agaji bai kai da wuri ba. Wani makiyayi ne da ke kiwo a wajen ya ja mutum shida cikin kogon da yake fakewa ya hura musu wuta suka rayu. Mu a nan ba sanyi ne babban abin tsoro ba, zafi ne, amma darasin ɗaya ne, duk wani yanki na hanya da ba za ku iya fito da mutum cikin gaggawa ba, ku cire shi daga hanyar.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan an kawar da amfanin gona, daga Nuwamba zuwa Janairu, a tashi da sanyin safiya a gama kafin rana ta take. Maris zuwa Mayu kada ma a fara. Da damina kuma ga shuka ga laka ga kwari mai cika. In aka tashi da hazo mai kauri a gaya wa masu asma su haƙura. A sa tashar ruwa duk bayan kilomita biyu zuwa uku, da ruwan gishiri-da-sukari a gefe, amma a gaya wa mutane su sha gwargwadon ƙishi, ɗura ruwa fiye da kima shi ma yana kayar da mutum. Motar asibiti ko aƙalla mota mai direba a zaune da makulli a hannu, ma'aikacin lafiya na gaske, 'yan agaji ko 'yan Red Cross a rarrabe a hanya, babura biyu ko uku masu sintiri, kuma asibitin da ya fi kusa ya san da zuwanku tun jiya. Duk ɗan sa-kai ya san alamar bugun zafi, mutum ya fara tangaɗi, yana magana ba kan gado, ko ya rikice bai san inda yake ba. Wannan ba a ce masa daure saura kaɗan, a tsayar da shi ko yana faɗa, a kai shi inuwa, a kwarara masa ruwa a jiki ana fifita nan take, ana yi ana kiran mota. Saran maciji kuma ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau, a kwantar da mutum kada ya taka, a ɗauke shi zuwa asibitin da kuka riga kuka tabbatar yana da allurar dafi. A fom ɗin rajista kowa ya rubuta lambar wani nasa da ciwon da yake da shi, hawan jini, suga, sikila, asma, yaro kuma sai da sa hannun iyaye.

Alamar hanya ana yinta ne da yammacin jajibiri, a sake dubawa da asuba, don yara da awaki ba sa barin abu. Ku je wajen tela ku roƙi ragowar ƙyalle mai launi ɗaya mai haske, ja ko ruwan lemo, a yayyanka, a ɗaura a reshe daidai tsayin ido, ta yadda in kana tsaye a jikin ɗaya kana hango na gaba. A mararraba a zuba kibiya da toka ko farar ƙasa, hanyar da ba a so a bi a ja mata layi a gicciye, in mararrabar mai ruɗarwa ce a tsayar da mutum. A kowace tasha a samu mai littafi da biro yana rubuta lambar duk wanda ya wuce. Sannan mutum biyu masu ƙarfi su zama 'yan shara, su ne a bayan kowa, ba sa wuce na ƙarshe ko da rarrafe yake, suna tafe suna kwance ƙyallen suna tsince leda. In sun iso a haɗa lissafi, mutum nawa suka tashi, nawa suka iso, nawa suka janye kuma suna ina. Ba a naɗe rumfa sai lissafin nan ya cika.

'Yan sa-kai su ne taron, ku lissafa kamar mutum ɗaya ga kowane masu gudu biyar ko shida, a ba kowa aikinsa a takarda da lambar wanda zai kira. A ciyar da su, a ambaci sunansu a lasifika. Tseren dajin Western States na mil 100 a Kalifoniya, wanda ya samo asali a 1974 lokacin da wani mai suna Gordy Ainsleigh ya bi tseren dawaki da ƙafa ya gama cikin awa 23 da minti 42, ya taɓa kawo ƙa'idar cewa mai son shiga sai ya yi aikin sa-kai na awa takwas tukuna. Kuna iya ɗaukar irin wannan, duk ɗan gungun da ya yi gudu bana, baɗi ya tsaya a tashar ruwa, ko ya fito ranar gyaran hanya.

Ranar taro kada a cika jawabi, mutane sun fito da sanyi cikinsu ba komai. Addu'a, gaisuwar mai gari, bayanin hanya da alamomi da lokacin da za a rufe, sai a sake su. A fara a kan lokacin da aka ce ko babban baƙo bai iso ba, don rana ba ta jiran kowa. Wanda ya zo ƙarshe a tarbe shi da tafi kamar na farko. Kuma kada a jera marayu ko marasa lafiya a gaban kyamara ana miƙa musu ambulan, a bar mutane da mutuncinsu, hoton famfo yana zubar da ruwa ya wadatar.

Cikin mako biyu a fitar da lissafi, abin da ya shigo ta rajista, ta alkawari, ta gudummawa, kayan da aka bayar, abin da aka kashe layi-layi da rasit, abin da ya rage. A tura a guruf na WhatsApp, a sa a Facebook, a kuma manna kwafi a ƙofar gidan mai gari don wanda ba ya da waya. In kuɗin bai kai ba a faɗa, a ce ga abin da za a iya yi da shi, ko a ajiye a cika baɗi, amma da sanin waɗanda suka bayar. In aiki ya kammala a koma a gaya wa duk wanda ya sa hannu, har mai ruwan leda. Sai kwamiti ya zauna tun abin bai huce ba a rubuta duk inda aka samu tangarɗa, tashar da ruwa ya ƙare, mararrabar da mutane suka ɓata, wanda ya yi alkawari bai cika ba.

In Allah ya sa abin ya karɓu, shekara ta biyu ko ta uku za ku ga mutane sun ninka, a nan sai ku yi ƙarfin halin sa iyaka. Western States duk sunan da ya yi a duniya mutum 369 yake ɗauka, saboda wani yanki na hanyar yana cikin dajin da doka ta kare. Ku ma ku duba faɗin hanyarku, da yawan 'yan agajinku, da haƙurin manoman da kuke bi ta gefen gonakinsu, ku ce bana mutum kaza ne, in ya cika a rufe rajista ko ɗan wa ya zo. Kowane mai riƙe da aiki ya samu mataimaki matashi da yake koya masa, littafin da lambobin waya da taswirar hanya su kasance a hannun mutum fiye da ɗaya, shugabanci kuma a sa masa wa'adi a rubuce, shekara biyu ko uku a sauya. Asabar ɗin da ta biyo bayan taron kuma a fito gudun da aka saba a wurin da aka saba, a buɗe littafi a rubuta waɗanda suka zo, sababbin fuskokin da taron ya jawo a karɓi lambarsu a saka su a guruf.